Gudun da Abarshi Ke Jira

Duk wanda ya taɓa kwana a Malbaza ya yi sammako ya san Abarshi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai ɗan tsinin gemu da yake fitowa daga masallaci bayan asuba, ya rataye rigarsa a rumfar faci, ya kama gefen kwalta da gudu ya nufi arewa. Ba mai binsa, shi ma ba wanda yake bi. Direbobin manyan motocin siminti da ke kwana a jere suna jiran lodi sun saba da shi, har wasunsu kan leƙo ta taga su yi masa tsiya.

"Abarshi, in kura ta tab biyo ka, ta koma daji tun ɗazu!"

Shi dai ya ɗaga hannu ya wuce. Kuma tsakani da Allah gudun nasa ba abin a tsaya kallo ba ne. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ƙafar hagu tana sharar ƙasa, numfashi kuwa kamar zugazugin maƙera, tun daga nesa za ka ji shi tafe. Mutum ne da ya ba talatin baya, mai mata da 'ya'ya uku, wanda yake wuni yana kokawa da tayoyin da suka fi shi nauyi. Matarsa Suwaiba ta gaji da magana. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin magidancin da zai ci tuwo ya ƙoshi, gari na wayewa ya je ya zubar da shi a kan hanya ba.

Abin da Abarshi bai cika faɗa ba shi ne, kiwon ƙafafunsa yake yi saboda wani mutum da ake kira Ɗayyabu, wanda ya tafi Abijan biɗa, wato ci-rani, tun suna samari, ya ce zai dawo su yi gudu tare. Shekara goma sha wani abu ke nan. Bayan lafiya da rufin asiri, babu abin da Abarshi yake roƙon Allah kamar wannan gudu guda ɗaya, kuma ba ya son ranar ta zo ta iske shi ya yi nauyi.

Su biyun 'yan ƙauye ɗaya ne a karkarar Tajaye, gonar uban wannan tana iyaka da gonar uban wancan. Tare aka sa su lakwal, wato makarantar boko, tare suka ci jarrabawa aka tura su Illela, aka sauke su a zauren wani tela da ya san iyayensu. Duk ranar Asabar sukan koma gida ɗauko gero da ɗan abin miya, su juyo ran Lahadi. Hanya ce mai nisa, mai cinye wa mutum rabin wuni. Ɗayyabu kuwa Allah ya yi shi da ƙin tafiyar sannu, a wurinsa taku ɗai-ɗai ɓata rana ne. Da sun bar gari sai ya fara sassarfa, Abarshi ya bi shi yana mita, don ba ya son a bar shi shi kaɗai a daji.

Wata Lahadi, lokacin sun shiga lise, wato babbar sakandare, malamin wasanni Mamane, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, ya taho a kan babur ya iske su a tsakiyar fako, kowa da ƙunshin gero a ka, suna gudu. Ya rage wuta ya daɗe yana bin su a baya, sannan ya wuce abinsa. Ran Litinin ya aika aka kira su daga aji. Abarshi ya ɗauka laifi suka yi, har ya fara shirya rantsuwa tun kafin ya ji tuhumar.

Ashe ekip, ƙungiyar masu gudu, malamin yake haɗawa ta kuros, wato tseren nan na 'yan lakwal da ake yi a daji: a ratsa gonaki, a faɗa rairayin ƙorama, a hau tudu a gangaro. Ya riga ya sami mutum uku. Akwai Junaidu, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a kan tudu. Akwai Kabiru, wanda sai a wuni ba a ji muryarsa ba in ba abinci aka kawo ba. Sai Abdulhamid ɗan liman, mai tofa addu'a a takalmansa na roba kafin ya sa su. Ɗayyabu ya zo ya wuce su duka tun ranar farko. Game da Abarshi kuwa Mushe bai ɓoye masa komai ba.

"Kai ba ka da gudu," ya ce, "wanga ko makaho ya gani. Amma na bi ka da moto, na ga ba ka ajiyewa. Shi nika biɗa."

Ya gaya musu dokar abin. Mutum biyar ne ekip, kuma sai na biyar ya shigo ake lissafa ta. Ko huɗu sun zo da iska, in na biyar ya zauna a hanya duk sun yi aikin banza. Abarshi ya tsorata da wannan magana, amma kuma ta yi masa daɗi, domin tunda yake ba a taɓa cewa wani abu ba zai yiwu ba sai da shi.

Daga nan rayuwa ta koma asuba da la'asar. Kafin a shiga aji su fita bayan gari su hau tsaunin nan mai jajayen duwatsu, da la'asar su faɗa ƙorama inda rairayi ke shanye ƙafa har idon sawu. Sun yi amai a gindin sabara, sun cire wa juna ƙaya da tsinke, sun sha fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, Kabiru yana riƙe ludayin fiye da rabonsa ana ƙwacewa. In ɗaya ya makara, sauran huɗun su je su tsaya a ƙofar masaukinsa suna buga ƙafa har maigidan ya fito ya kore su duka. 'Yan aji suka sa musu suna awakin Mushe, su kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu.

Akwai wani abu da suka riƙa yi wanda ba wanda ya koya musu a lakwal. Dukkansu 'ya'yan manoma ne, sun tashi a gayya. A gayyar noma ta wannan ƙasa, in ka kai ƙarshen layin shukarka ba ka neman inuwa ka zauna. Juyowa kake yi ka kama layin wanda ya rage a baya daga ɗaya bakin, kana nomowa yana nomowa har ku haɗu. Ana kiran wannan tarbe, kuma saurayin da ya gama nasa ya zauna yana kallon na baya, to ya jawo wa gidansu magana. Haka suka ɗauko abin suka kawo shi cikin gudu ba tare da sun yi shawara ba. Duk wanda ya iso gindin gawon da suke ƙarewa sai ya juya, ya koma ya tarbo na baya. Na bayan kuwa kullum Abarshi ne. Yana cikin haki, idonsa ya fara rufewa, sai ya ga mutum huɗu sun ɓullo sun sa shi tsakiya suna ihu, "Layi guda yar rage!" Mushe Mamane, shi ma ɗan manomi, yakan tsaya a kan babur yana murmushi. Abin ya burge shi har bai taɓa tuna cewa akwai abin da ya kamata ya gaya musu a kai ba.

A shekararsu ta biyu a lise damina ta yi gardama. Gero ya ƙone kafin ya cika kai, rumbuna suka tsaya a rabi. Samarin ƙauye suka watse biɗa tun ba a gama ɗaure dammuna ba. Malam Chindo, mahaifin Ɗayyabu, ya ce ɗansa ma ya kama hanya, ga baffan yaron can a Abijan yana jira. Mushe da kansa ya hau babur ya je ƙauyen ya durƙusa gaban tsohon. Ya ce masa akwai babban tsere a Ƙonni nan gaba kaɗan, makarantar da ta ci za a kai ta Yamai, a can kuma manya suke zaɓar yara masu ƙafa a riƙe su, su ci gaba da karatu. Ya ce irin ƙafar Ɗayyabu bai taɓa gani ba tunda ya fara aiki.

Malam Chindo ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

"To, Mushe, na jiya. In gwamnati ta ɗauke shi, na bar mata. In ba ta ɗauka ba, ranar da yad dawo daga Ƙonni shi ɗaure kayanai."

Tun daga ranar Abarshi ya daina barci mai daɗi. Ya san Ɗayyabu zai yi nasa, sauran ukun ma haka. Zaman abokinsa a gida ko tafiyarsa duk yana rataye ne a ƙafar na biyar, ƙafar da kowa ya san ba ta da gudu. Ya riƙa tashi kafin sauran ya hau tsaunin shi kaɗai, sannan ya sake hawa tare da su. Ya rame har telan da ke riƙonsu ya tambaya ko ciwo yake ɓoyewa.

Ranar tsere aka kwashe su a bayan wata motar kaya zuwa Ƙonni. Makarantu sun zo daga ko'ina a jihar Tawa. 'Yan birni suna ta tsalle-tsalle cikin takalma masu launi, suna kallon na robar awakin Mushe suna ƙunshe dariya. Junaidu ya ce a bar su, takalmi ba ya gudu shi kaɗai. Aka jera su, aka busa usur, ƙasa ta ɗauki rugugi.

Hanyar ta fita bayan gari, ta bi gefen lambunan albasa, ta faɗa rairayi, ta zagayo. Abarshi ya riƙe tsakiyar taro kamar yadda Mushe ya ce, kuma abin yana tafiya daidai har suka shiga wani kurmin aduwa. A nan ƙaya ta huda takalminsa ta shige dunduniya, ta karye a ciki. Ya ji zafin har ƙwaƙwalwa. Tsayawa cire ta na nufin mutum goma su wuce shi, saboda haka ya ɗage dunduniyar ya ci gaba a kan yatsu. Duk da haka aka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana ji yana gani. Da ya hango taron mutane da igiyoyin da aka ja a wurin ƙarewa, ƙafar ta riga ta zama ba tasa ba, takalmin ya cika da jini yana santsi.

Sai ga su. Ɗayyabu ne a gaba, da ɗan katin da ake ba wanda ya shigo na ɗaya a cije a bakinsa, Junaidu da Kabiru da Abdulhamid suna biye. Sun shiga, an ba su katunansu, ba su ko sha ruwa ba suka tsallake igiya suka komo cikin hanya. Suka sa shi tsakiya. Ɗayyabu ya tofar da katin a hannu, ya dafa masa baya da tafi.

"Layi guda yar rage, Abarshi! Layi guda!"

Mutanen da ke gefen hanya suka ɗauki sowa. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta ajiye farantinta ta rangaɗa guɗa. Abarshi ya nemi zafin ƙayar ya rasa. Ya wuce mutum biyu a gaban idon jama'a, ya faɗa tsakanin igiyoyin ya zube, 'yan'uwansa suka zube a kansa. Ko da ya yi aure, ko da aka yi masa haihuwar fari, in aka matsa masa ya faɗi gaskiya zai ce bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba. Da aka duba katuna kuwa, su ne a gaba.

Ba a daɗe ba alƙalan tseren suka kira Mushe Mamane gefe. Yaran suna zaune a ƙasa, Abdulhamid yana tono ƙayar da allura, suka hango malaminsu yana magana da hannu biyu, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Doka ta hana wanda ya gama ya koma cikin hanya, ta kuma hana a taɓa mai gudu ko a raka shi. An soke su duka biyar, har da na ɗayan Ɗayyabu. Mutum ya rasa wa zai ba laifi. Alƙalai dokarsu suka bi, ba su ƙara ba su rage ba. Yaran kuwa da an ce musu su tsaya bayan igiya su zuba wa ɗan'uwansu ido yana ɗingishi, da sun ɗauka zagin iyayensu ake yi. Mushe ya zo ya tsuguna a gabansu ya kasa haɗa ido da kowa, yana ta maimaita cewa shi ne bai gaya musu ba.

Aka kwaso su a mota aka kamo hanyar komawa. Abarshi ya haɗa kai da gwiwa yana kuka a ɓoye. Sun kusa Illela Ɗayyabu ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai, ɗaga kanka. Wallahi ko gobe anka sake, sai na komo in tarbe ka. Mi za ni yi da Yamai in kana can cikin ƙaya?"

Malam Chindo ba mai magana biyu ba ne. Kafin mako ya zagayo Abarshi ya raka abokinsa tasha yana ɗingishi, yana riƙe masa jakar leda. Da mota ta tashi Ɗayyabu ya leƙo ta taga.

"Ka riƙe ƙahwahunka. Damana guda za ni yi in komo, mu yi gudu ni da kai, ba alƙali ba usur."

Daga nan ekip ta watse kamar yadda komai yake watsewa a ƙasar da damina ke yanke wa mutane hukunci. Junaidu ya shiga aikin jandarma aka kai shi gabas. Abdulhamid ya gaji limancin ubansa, ya yi ciki da rawani. Kabiru ya bi hanyar Libiya, aka ji labarinsa shekara biyu, daga nan shiru. Mushe Mamane aka canja masa wurin aiki. Abarshi ya zauna jarrabawar ƙarshe sau biyu ba ta karɓe shi ba, ya haƙura, ya koyi faci a hannun wani Basakkwace. Da ya tashi kafa rumfarsa, 'yan'uwa suka ce ya zauna Illela kusa da gida, shi kuwa ya zaɓi Malbaza, bakin kwalta. Ya ce saboda motocin siminti ne, a nan aiki yake. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Duk motar da ta ɗauko 'yan biɗa daga kudu za ta haura Tawa, ta gaban rumfarsa take wucewa.

Har yau in babbar motar fasinja ta rage gudu, hannunsa kan tsaya a kan taya, ya ɗaga kai ya bi tagogin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wai ba ya jin ɗuriyar Ɗayyabu ba ne. Zamanin waya ne, duk Sallah sai saƙon murya ya shigo, ga hayaniyar kasuwa a bayansa, ana gaisuwa ana tambayar iyali. Ya yi dako a bakin teku, ya sami ɗan shago, ya yi aure a can, an haifa masa 'ya'ya da ba su taɓa ganin karan gero ba. Kowane saƙo kuma da abin da yake ƙarewa: bana in Allah ya so. Abarshi yakan saurari saƙon sau uku, sau huɗu, ya sa wa Suwaiba ta ji, ita kuwa ta ce sabo turken wawa. Ba ya jin haushinta. Ya san kewa ce take cinsa, kuma ya san ba ta abokinsa kaɗai ba ce, har da ta mutum biyar ɗin nan da ƙwarya ɗaya.

Bana bayan kaka Allah ya yi wa Inna Larai, mahaifiyar Ɗayyabu, rasuwa. Malam Chindo ya riga ta da daɗewa, kuma a lokacin ɗan bai sami zuwa ba. Wannan karon ya taho. Bai iske jana'iza ba, amma ya iske zaman makoki. Abarshi ya rufe rumfa, ya biya kasuwa ya sayi abu ya ɗaure a bayan babur cikin baƙar leda, ya kama hanyar ƙauye. Yana tafe yana jin kunyar kansa, domin gaisuwar mutuwa zai je amma zuciyarsa sai tsalle take yi.

Ya iske maza a zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Ya duba fuskoki ya wuce wanda yake nema, sai da aka kira sunansa ya dawo da ido. Wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, ya miƙe ƙafa ɗaya a gabansa, ya dafa bango kafin ya iya tashi. Muryar ce kawai ba ta canja ba. Suka riƙe hannun juna suka kasa saki. Abarshi ya yi ta'aziyya kamar yadda ake yi, aka shafa fatiha, ya nemi gefe ya zauna. Kwana biyu yana zaune a wurin, ana shigowa ana fita, ana kawo fura ana ɗauke ƙwarya. Maganar gudu ba ta da wuri a zaman makoki, shi ma ya sani, ya haɗiye ta.

A la'asar ɗin ƙarshe, da mutane suka ragu, Ɗayyabu ya nuna babur da haɓa.

"Mi ag ga ledar can da kaka ta kallo tun shekaranjiya?"

Abarshi ya tashi ya kwanto ta. Takalman gudu ne sababbi, farare masu ratsin shuɗi, irin waɗanda 'yan birni suka sa a Ƙonni. Ɗayyabu ya juya su a hannu ya daɗe yana kallo.

"Ashe kana nan kan maganar."

"Kai kac ce in riƙe ƙahwahuna. Na riƙe."

Ɗayyabu ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya fasa. Ya ce gobe bayan asuba, kafin motar da za ta kai shi Ƙonni ta zo.

Da aka sallame sallar asuba suka zame ta bayan masallaci kamar yaran da za su satar mangwaro. Gari ya fara haske, da ɗan sanyi, gonaki sun zama fili sai kututturen kara. Ɗayyabu ya zauna a kan wani turmi da aka kife ya ɗaura takalman, yana nishi wajen sunkuyawa. Ya naɗe ƙafar wando, ya kalli hanyar da suka bi da gero a ka shekara da shekaru, ya ce bisimilla.

Kuma ya tashi. Wallahi ya tashi. Ƙaton jikin nan ya miƙe, kai ya ɗagu, ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa tana barinta kamar ba ta son ɓata ta, irin takun da Mushe Mamane ya ce bai taɓa gani ba. Abarshi ya faɗa bayansa, ƙirjinsa ya cika har ya rasa inda zai sa numfashi. Suka wuce rumbunan bayan gari, suka wuce makabarta. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ga shi yana faruwa, ya ji kamar in ya waiwaya zai ga sauran ukun.

Ba su kai tsohuwar rijiya ba takun ya lalace. Ɗayyabu ya fara jan ƙafar dama, ya koma tafiya, ya dafe ƙirji. Ya lallaɓa ya zauna a bakin rijiyar, zufa tana zuba, leɓɓansa sun yi fari. Abarshi ya tsuguna a gabansa a tsorace. Sai da numfashin ya dawo sannan Ɗayyabu ya yi magana.

"Buhunan bakin teku sun cinye gwiwar. Likita kau ya ce zuciyata ba ta son wahala, ko matakala in hau a hankali. Na so in hwaɗa maka jiya, sai nig ga takalman."

"Da ka hwaɗi. Wallahi da ban bari ba."

"Shi yas sa ban hwaɗi ba."

Wata mata ta wuce da jaki da jarkoki, ta gaishe su, ta bi farin takalmin da kallo. Abarshi ya gane a nan cewa iyakar gudun ke nan, daga bayan masallaci zuwa rijiya, kuma ba za a ƙara ba ko Ɗayyabu ya dawo sau goma. Ya miƙa masa hannu. Ya ce su koma a hankali, zai riƙe shi.

"A'a," in ji Ɗayyabu. "Ni nan zan zamna. Kai ka tahi, ka kai gawon can na gonar Baba. Shekara nawa muna gudu, ni ban taɓa zamnawa in kalli naka ba, kullum kana bayana sai dai in ji hakinka. Tashi in gani."

Abarshi ya so ya yi gardama, amma ya ga yadda mutumin ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar wanda ya zo kallon kokawa. Ya miƙe. Ya kama hanyar shi kaɗai, rana tana fitowa ta hannun damansa, babu kowa a gabansa sai fili. Bai yi nisa ba ya jiyo dariya daga bakin rijiya, dariyar da ta ƙare da tari.

"Subhanallahi! Ashe hakanga kaka gudu? Kai, mummuna na! Ci gaba, Abarshi, ina kallo!"

Shi ma dariyar ta kama shi, ta juye ta zama kuka. Tunda yake bai taɓa zama a gaba ba sai yau, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan safiya ba. Hawaye ya hana shi ganin gawon sosai. Ya share da bayan hannu, ya ɗaga gwiwa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gyara gudun, domin Ɗayyabu yana kallo.